Shin Ko Kun San? Nakiyar Hanya da Ayarin Zamani

Shin ko kun san kalmar zango kanta daga hanya ta fito? Wurin da ayarin fatake ke sauke kaya su kwana ke nan. Kakanninmu da ke tasowa daga Kano zuwa Salaga sayen goron Asante ba sa tafiya ɗai-ɗai: madugu ke shugabanci, jagaba na gaba yana duba hanya, masu kwari da baka na tsaron 'yan fashi. Yau a arewacin Burkina Faso an koma gidan jiya, sai dai manyan motoci sun maye gurbin jakuna, abin tsoron kuma yana binne a ƙasa.

Ko kun san kayan da ke ratsa Kumasi daga tashar jiragen ruwa ta Tema, su bi Techiman da Tamale da Bolgatanga, su ƙetare a Paga, wasunsu ba sa kaiwa inda za su sai da rakiyar soja? Tun watan Fabrairun 2022 mayaƙan ƙungiyar JNIM suka datse hanyoyin shiga garin Djibo da ke arewacin Burkina Faso. Ranar 5 ga Satumba na waccan shekara, wata mota cikin jerin gwanon da soja ke rakiya ta taka nakiya tsakanin Djibo da Bourzanga, farar hula aƙalla 35 suka rasu. Ranar 26 ga wata aka far wa wani ayarin abinci a Gaskinde, aka kashe soja 27 da farar hula 10. Kwana huɗu bayan haka Kyaftin Ibrahim Traore ya kifar da gwamnatin Burkina Faso. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Da yawansu 'yan kasuwa ne kamar mu, masu neman abin sakawa a bakin salati.

Ko kun san nakiyar ba ta san kaki ba? Irin wadda ke tashi da an taka ta, duk motar da ta fara zuwa ita ce tata. A watan Afrilun 2025 mutum 26 suka rasu a hanyar Rann zuwa Gamboru Ngala a jihar Borno, kuma matafiya ne, ba mayaƙa ba.

Ko kun san ba kasafai ake ƙera ta a masana'anta ba? Da takin zamani da abubuwan fasa dutse na masu haƙar ma'adinai ake haɗa ta, abin da ya sa Najeriya ta taƙaita kai wasu nau'o'in taki arewa maso gabas, manoma kuwa suka ji a jikinsu. Wanda ya tuna Apiate, kusa da Bogoso a Ghana, inda motar kayan fasa dutse ta tarwatsa gari a ranar 20 ga Janairun 2022, ya san ƙarfin abin da ake magana a kai.

To, yaya ake share hanya? A hankali, kamar tafiyar hawainiya. Jagaban zamani shi ne sojan da ke sauka da na'urar jin ƙarfe, ya leƙa kowane kwalbati, ya kula da ƙasar da aka taɓa. Akwai karnuka masu sansano, akwai na'urar da ke toshe saƙon waya don kada a tayar da bam daga nesa. Motocin sulke irin Casspir ta Afirka ta Kudu kuwa, gindinsu tamkar na kwalekwale yake, domin ƙarfin fashewar ya watse gefe. Damuwata ita ce hanyar da aka share da safe ana iya sake binne mata wata da dare, in dai babu mutanen ƙauye masu yarda su tsegunta wa soja.

Ko kun san gafiya ma ma'aikaciya ce? Ƙungiyar APOPO na horar da ita a Morogoro ta Tanzaniya. Hancinta na jin nakiya, nauyinta bai isa ya tayar da ita ba. Wata mai suna Magawa ta gano nakiyoyi da sauran abubuwan fashewa fiye da 100 a Kambodiya, har aka ba ta lambar zinariya a 2020.

Ko kun san ɗan Kumasi, Kofi Annan, shi ne Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya lokacin da aka sa hannu kan yarjejeniyar Ottawa ta hana nakiyoyin da ake binne wa mutane, a Disambar 1997?

Sai wadda ta shafe mu kai tsaye. Akwatialine da ke Kumasi gidan tsofaffin ƙarafa ne, kuma harsashin igwa da bai fashe ba, in ya yi tsatsa, ba shi da maraba da sauran tarkace a idon yaro mai tura baro. A Borno haɗarin wannan sana'a ya kai Gwamna Babagana Zulum ya hana jari-bola a 2023, bayan kashe-kashen masu shiga daji neman ƙarfe. 'Yan'uwa, duk ƙarfen da ba ku gane kansa ba, kada a buga shi da guduma, kada a kusanta shi da wuta. Ku janye yara, ku kira 999, layin kyauta da ma'aikatar tsaron ƙasa ta Ghana ta buɗe a 2022.