Bazara Ce Lokacin Mai Zane A Ƙasar Kazaure

A ƙasashen Turai, da zarar sanyi ya kau, itatuwa suka soma toho, sai masu zane su ɗauki takarda da buroshi da ɗan akwatin fentin ruwa, su sami gefen hanya su zauna suna zana unguwanninsu. A nan wajenmu lokacin da ya yi daidai da wannan shi ne bazara, watau daga watan Maris zuwa Mayu.

A sa'an nan hazo ya washe, duwatsun Kazaure da na Roni sun fito sarai. Kukar da ta ci rani tsirara ta fara fid da ganye, gawo kuwa, da yake kullum saɓanin sauran itatuwa yake yi, yana dab da zubar da nasa. A karkarar Gwiwa da Babura manoma na sharar gona, jakuna na kai taki, hadari ya haɗu a gabas ya watse.

Shi fentin ruwa garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, irin ƙaron dakwara da ake tsinta a Jigawa da Yobe da Barno, wanda alarammomi ke sawa a tawada don ta kama allo. Har kamfanin Winsor & Newton, da aka kafa a Landan a 1832, da ƙaro yake haɗa nasa. Saboda haka gardin da ya iya zayyanar allon sauka ya riga ya san rabin aikin.

Sauran rabin kuwa kokawa ce da zafi. Fentin da aka shafa da tsakar rana kan bushe kafin a sake tsoma buroshi, ya bar dabbare-dabbare. Sai dai a yi sammako a tashi da hantsi, ko a jira la'asar sakaliya. Ana farawa da launi mai haske kafin mai duhu, inda ake son fari kuma a bar takardar yadda take, don gyara na da wuya.

Kada kuma a kafa kujera a ƙofar gidan mutane ba a gaida mai unguwa ba. Wanda malaminsa ya hana shi zana mai rai, ga soro, ga rumbu, ga rijiya.

Baturen nan Barth, da aka fi sani da Abdulkarimu, ya zana Kano daga kan Dala a 1851, kuma da hoton da aka buga daga zanensa ake ganin kamannin birnin na wancan zamani. Su ma gidajen ƙasa masu zankwaye da suka rage a cikin garin Kazaure, bulo da kwano na ta maye gurbinsu ɗaya bayan ɗaya, galibi da rani, kafin ruwa ya sauka.