Wayar Hannu Da Lasifikar Mota: A Ina Za A Tsai Da Murya?

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya mai dogon zango, ko daga Agege a Ikko zuwa Kano, ko daga Sabo ta Badun zuwa Sakkwato, ya san abin da kan faru in dare ya raba. Direba ya jona wayarsa da rediyon mota, yana sauraron wani tsohon karatu ko waƙar marigayi Alhaji Mamman Shata wadda aka kwafo daga kaset. Muryar ba ta fita sosai, saboda haka ya murɗa rediyo har ƙurewa. Fasinja sun soma gyangyaɗi. Kwaram, sai saƙo ya shigo wayar, ko kuwa waƙar ta ƙare wata sabuwa ta ɗauka, motar duka ta amsa kamar an yi tsawa. Jariri ya tsala ihu, dattijo ya yi salati, shi kuwa direba ya bar sitiyari a hannu ɗaya yana laluben waya, alhali mota tana sheƙa gudu.

Galibi a kan ɗora laifin a kan direba, shi kuma ya ɗora a kan waya, ya ce ba ta da kyau. Amma sau da yawa wayar lafiyarta ƙalau, rediyon ma haka. Abin da ya faru shi ne an haɗa na'urori biyu, kowace da nata maɓallin ƙara murya, ba a kuwa sasanta su ba.

Sauti da ke fita daga waya ba shi da wani ƙarfi. An yi shi ne daidai abin sa wa a kunne, watau iyafis. Kafin ya iya girgiza babbar lasifika sai ya bi ta amfilifaya, wadda ke cikin rediyon mota ko cikin akwatin lasifikar kanta. Aikin amfilifaya shi ne ta ninka duk abin da aka ba ta, ba ta tambayar ko mai kyau ne. Misalinta kamar sanƙira ne a gaban mai magana: in mai maganar ya yi raɗa, sanƙira zai ɗaga, amma har da tari da gyaran muryarsa.

Saboda haka in aka bar muryar waya a ƙasa, aka ƙure ta rediyo, abu biyu ne ke biyo baya. Na farko, za a riƙa jin wani “shuuu” a ƙarƙashin waƙa, domin amfilifaya tana ɗaga hayaniyar igiya da ta na'ura tare da ɗan sautin da ta samu. Na biyu, shi ne mafi muni, an ɗana tarko. Da zarar an cire waya an koma tashar rediyo, ko wani sauti mai ƙarfi ya biyo, zai fito da dukan ƙarfin da amfilifaya ke da shi.

In kuma aka juya, aka ƙure waya aka ƙure rediyo, sai murya ta fara tsagewa, ganga ta riƙa baƙe-baƙe kamar fatarta ta huje. Dalili kuwa kowace amfilifaya tana da iyakar lantarkin da za ta iya bayarwa. In an nemi fiye da haka, sai ta sare kan sautin ta tura shi a guntule. Wannan guntulallen sauti shi ke dumama siririyar wayar tagulla da aka naɗe a cikin lasifika har ta ƙone, musamman ƴan ƙananan lasifikun nan masu fitar da siririyar murya. Masu gyaran rediyo da ƴan rewaya sun san wannan ciwo sarai. Kada kuma rubutun da ke jikin kwali ya ruɗi mai saye: rediyon mota da aka rubuta masa wat 50 a kowace lasifika, abin da yake iya bayarwa a ɗore ba tare da tsagewa ba bai cika wuce wat 20 ba.

Hanyar da ta fi dacewa in ana amfani da igiya, wadda ake sokawa a ramin da aka rubuta wa AUX, ita ce a fara sauke muryar rediyo ƙasa tukuna, sa'an nan a soka igiya, domin sokawa da zarewa kansu suna sa lasifika ta yi wani “ɓas” mai cutarwa. Daga nan a kai muryar waya wajen kashi 3 cikin 4, a bar ta nan, kada a sāke taɓa ta. Duk ƙari ko ragi sai a yi shi a jikin rediyo, inda maɓallin yake kusa da hannu, ba ya kuma bukatar kallo. In an ƙara wa waƙa nauyin ganga daga cikin waya, lalle ne a rage murya kaɗan, don nauyin nan shi ke fara cinye ƙarfin amfilifaya.

Akwai wani kuka kuma da kan dami masu igiya, mai kama da na sauro, wanda ke tashi in an taka totur, ya sauka in an saki. Wannan ba na waya ba ne, daga injin cajin batirin mota yake, yakan kuwa shigo ne in ana cajin waya a mota a lokacin da igiyar sauti ke jone. A zare caja, in kukan ya ɗauke to an gano ɓarawo. Akwai ƴar na'ura mai araha da ake sa wa a tsakiyar igiya don ta tare shi.

Sai Bluetooth Ya Zo

A da can sha'anin ba shi da wuya. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ana tura shi cikin rakoda ne, maɓalli ɗaya ke mulki. Wayar salula ta yaɗu a Nijeriya daga 2001, ba a daɗe ba ta zama ita ce rakodar kowa. Sa'an nan a 2016 kamfanin Apple ya fito da iPhone 7 ba ramin iyafis, waɗansu kamfanoni suka bi sahu a manyan wayoyinsu, ko da yake mafi yawan Tecno da itel da Infinix da ke hannun jama'a suna nan da raminsu.

Bluetooth, wanda injiniyoyin kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin suka soma aikinsa a 1994, aka kuma raɗa masa laƙabin wani sarkin Denmak na ƙarni na 10 mai suna Harald, ya kawar da igiya, amma ya zo da tasa rigima. A waɗansu na'urori, waya da lasifika sukan haɗa maɓallinsu ya zama ɗaya: in an danna a waya, lasifika ta amsa. A waɗansu kuwa kowa na cin gashin kansa. In kowa na cin gashin kansa, babu laifi a kai waya sama sosai, domin lambobi take aikawa ta iska, ba lantarki ba, sai a riƙa sarrafawa daga rediyo. In kuwa a haɗe suke, wani lokaci a kan tarar danna ɗaya ya yi kaɗan, biyu sun yi yawa, ba tsaka-tsaki. Wayoyin Android suna da maganin wannan a wani ɓoyayyen sashe na masu ƙera manhaja, wanda ke buɗewa in an danna lambar ginin manhajar wayar sau 7 a jere. A ciki akwai maɓallin raba muryar waya da ta lasifika. Sai dai wanda bai saba ba ya nemi wanda ya sani, don sashen cike yake da abubuwan da in an taɓa su a banza waya kan rikice.

Tsofaffin motocin da ake shigowa da su ta Kwatano, waɗanda ba su da Bluetooth ba su da ramin igiya, su kuma sai ɗan abin nan da ake sokawa a wurin kunna taba, mai karɓar sauti daga waya ya watsa shi kamar ƙaramar tashar FM. Shi sharaɗinsa biyu ne: a zaɓi lambar da babu tasha a kanta, domin wanda ya sa shi kusa da 99.5 a cikin Kano zai yi ta kokawa da Freedom Radio. Kuma kada a ƙure waya, don abin da tashar FM ke iya ɗauka yana da iyaka, in an wuce sai murya ta dusashe.

Ba Duk Waƙa Ce Tsawonta Ɗaya Ba

Ko an daidaita na'urori, sauran wata matsala, ita ce ta abin da ake saurare. Katin memori da aka cika a shagon masu tura waƙoƙi kamar kwandon kasuwa yake. A ciki akwai waƙar Ɗanmaraya Jos da aka ɗauko daga tsohon faifai, akwai tafsirin da wani ya ɗauka da waya daga sahu na goma, akwai kuma waƙar da aka haɗa bana a situdiyo da kwamfuta, wadda aka matse sautinta aka cika shi har baki don ta fi ta kowa amo. Tsakanin ta farko da ta ƙarshe bambancin yana da yawa ƙwarai. Manhajoji irin su Spotify da YouTube suna sauke waƙoƙin da suka cika amo don su zo kusa da sauran, amma abin da aka tura daga waya zuwa waya ba mai yi masa wannan hidima, sai in manhajar da ake kunna shi da ita tana da maɓallin daidaita murya an kuma kunna shi.

Har ila yau, waya ba murya ɗaya gare ta ba. Ta waƙa daban, ta kira daban, ta ƙararrawar tashi daga barci daban, ta shigowar saƙo daban. Wanda zai jona waya da lasifikar biki ko ta masallaci, wajibi ne ya rufe bakin saƙonni tukuna. Ba amo kaɗai ake gudu ba. Mutum nawa ne ya manta wayarsa tana jone, ya danna saƙon murya na WhatsApp, sai ga zancen cikin gidansa a kunnen fasinja goma sha takwas?

Kunne Ba Ya Da Safaya

Lasifika in ta ƙone a kan sayi wata. A can cikin kunne kuwa akwai wani abu mai siffar dodon koɗi, a cikinsa akwai ƙwayoyi masu gashi kimanin 15,000 waɗanda ke mai da amo ya zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Amo mai tsanani yana kashe su, wanda ya mutu kuwa ba ya tsirowa. Abin ba ya zuwa da ciwo. Alamarsa ta fari ita ce kunne ya riƙa ƙara bayan an kashe kiɗa, ko mutum ya ji kamar an cusa masa auduga. Daga baya sai ya riƙa jin ana magana amma ba ya rarrabe kalmomi, musamman a cikin taro, har a fara ce masa ya cika “na'am?”.

Ana auna amo da desibel. Hira ta yau da kullum wajen 60 take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da haɗari ba. In an kai 90 sai awa 4 kacal. In an kai 100 kuwa, minti 20 ne a mako duka. Ma'aunin yana da ruɗi, domin ƙarin desibel 3 kawai ninka ƙarfin amo ne. Hukumar ta kuma yi kiyasin matasa fiye da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro, shi ya sa a 2019 ita da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fitar da ƙa'idar da masu ƙera wayoyi za su bi.

Gargaɗin nan da waya kan nuna in an ɗaga murya, wanda mutane ke dannawa su wuce, daga irin wannan tunani ya fito. Amma an auna shi ne da iyafis. Waya ba ta san girman amfilifayar da aka jona mata ba. Tana iya nuna rabi alhali akwatin da ke bayan kujera yana girgiza haƙarƙari. Masu iPhone tun 2021 suna iya gaya wa waya ko abin da aka jona iyafis ne, ko lasifika, ko rediyon mota, don lissafinta ya yi daidai, amma ko hakan ba ya auna abin da ke isa kunnen fasinja. Gwajin da ba ya bukatar na'ura shi ne wannan: in sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji magana, to amon ya yi yawa.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu wuni a ciki. Fasinjan A-daidaita-sahu minti goma zai yi ya sauka, amma yaron da ke tuƙi yana nan tun safe har dare, lasifika a ƙeyarsa, yana ƙara mata don ta rinjayi kukan inji da na titi. In kunne ya gaji sai ya ji kamar waƙar ta ragu, ya sake ƙarawa. Ga shi kuma ba ya jin odar babbar mota a bayansa, balle jiniyar motar asibiti.

Doka ba ta yi shiru ba. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta sa taɓa waya a lokacin tuƙi cikin laifuffukan da ake ci wa tara, laluben waƙa kuwa taɓa waya ne. Hukumar NESREA mai kula da muhalli tana da dokar ƙayyade amo tun 2009, a Jihar Legas kuma hukumar muhalli ta sha rufe wuraren ibada da gidajen rawa saboda lasifika. Sai dai babu jami'in da ke zaune a gidan gaba yana duba maɓalli. Wanda ya ga kunnensa ya soma ƙara ba ya dainawa, manyan asibitocin koyarwa suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999, inda ake auna ji a gane abin da ya saura.