Yadda sauya harafi ɗaya ya samar da sabon rigakafi

A watan Agustan 2021 ne Najeriya ta karɓi allurar rigakafin korona ta Moderna kimanin miliyan 4 daga Amurka, aka rarraba wa jihohi, ciki har da Kano.

To sai dai a jihar da aka taɓa dakatar da rigakafin shan inna a 2003 saboda zargi, magidanci a Ɗanbatta na da hujjar tambaya: me ke cikin allurar, kuma ina yake zuwa a jiki?

Abin da ke ciki shi ne sinadarin mRNA. Kowace ƙwayar halitta na ajiye bayanan gado, wato DNA, kamar kundi a taska. Idan tana bukatar furotin, sai ta kwafi saƙo ta aika wurin haɗawa. Wannan saƙo shi ne mRNA, kuma kamar rubutun allo yake: a karanta, a wanke. Ba ya shiga taskar, balle ya sauya kundin.

Matsalar da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya ita ce, garkuwar jiki na ɗaukar mRNA da aka haɗa a ɗakin bincike a matsayin baƙo, sai ta tayar da kumburi, furotin kuma ya ƙi samuwa sosai.

Da haruffa 4 ake rubuta saƙon: A, U, G da C. A 2005, Katalin Kariko da Drew Weissman na Jami'ar Pennsylvania a Amurka suka gano cewa idan aka musanya U da wani ɗan'uwansa mai kama da shi, garkuwar jiki na ƙyale saƙon. A 2008 kuma suka nuna cewa saƙon da aka gyara ya fi samar da furotin. Wannan aiki ne ya ba su lambar yabo ta Nobel a 2023.

Domin bin sawun saƙon, masana kan maƙala masa sinadari mai ƙyalli, ko su sa ya haɗa furotin ɗin da ke sa ƙwaron nan mai walƙiya da dare haske. A jikin ɓeraye, hasken kan nuna inda saƙon ya isa, sannan ya dushe cikin 'yan kwanaki.

A gwaji, alluran Moderna da Pfizer masu gyararren saƙo sun ba da kariya ta kusan kashi 95 cikin 100. Ta kamfanin CureVac na Jamus, wadda ba a gyara ba, ta tsaya a kashi 48, ko da yake sababbin nau'o'in cutar ma sun taka rawa.

A 2022 dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin ƙasashen Afirka 6 da za a koya wa wannan fasaha, wadda yanzu ake gwada ta a kan cutar daji da zazzaɓin cizon sauro.