Asabar da Lahadi a Damagaram, ga baƙon da ya taso daga Belbeji

Ba kasafai mutumin Belbeji yake zuwa Damagaram don buɗe ido ba. Takarda ce ke kawo shi, ko jinya a babban asibiti, ko ɗa da ke jami'a, ko kuwa hanya ce ta biyo da shi zai wuce Kano ko Yamai. Sau da yawa mota kan sauke shi da yammacin Juma'a, ma'aikata sun tashi, sai kuma Litinin. Kwana biyun nan galibi a kan tabarma suke ƙarewa, a zauren wani ɗan uwa, ana shayi ana hirar farashin hatsi. Alhali garin da yake zaune a ciki shi ne ya riƙe matsayin babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926, kuma da ƙafa da ɗan kuɗin kabu-kabu ana iya zaga shi.

Babbar ranar kasuwa dai Alhamis ce, ta riga ta wuce shi. Kasuwar Dole tana ci kullum, ba inda za ta. Saboda haka safiyar Asabar ta Birni ce, kuma a fita da wuri kafin rana ta take.

Birni tsohon gari ne mai lunguna ƙanana da ke ratsa tsakanin manyan duwatsu. Wasu gidajen ƙasa har yau suna da zankwaye a kai da zane mai launi a bakin zaure, ko da yake siminti na cin su ɗaya bayan ɗaya. A tsakiya fadar Sarkin Damagaram take, dogarai na zaune a ƙofa cikin ja da kore. Baƙo ya yi sallama, ya gaishe su, ya nemi izini kafin ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Sunan da zai fi ji a nan shi ne na Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884 bayan mulkin sama da shekara talatin. Shi ya kewaye garin da ganuwa, a zamaninsa kuma maƙeran Damagaram suka riƙa zuba igwa a gida. Ganuwar yanzu sai guntaye. A cikin lungunan nan ne Bajamushen nan Heinrich Barth, da ake kira Abdulkarim, ya sauka a ƙarshen 1852. A garin nan aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a 1898, zamanin Sarki Ahmadu Kuren Daga, shekara ta zagayo Faransawa suka ci yaƙin Tirmini suka shigo. Barikin da suka gina a kan dutse yana nan, amma wurin soja ne, kallo daga nesa ya isa.

Da la'asar sai Zango, kuma nan ne ya kamata mutumin Belbeji, da yake ɗan Damargu ne, ya rage sauri, don labarin unguwar nasa ne. Ayarin da ke tasowa daga Tarabulus da Gat, ya sauka Agadas, ba shi da wata hanya sai ta Damargu. A can Buzayen Kel Ewey ke awon geron da ke ciyar da Abzin, daga can kuma ake samun gashin jimina da fatun da ake ɗora wa raƙuma su yi arewa. In ayari ya iso Damagaram ba ya kwana cikin Birni, a waje yake yada zango, har wurin ya zama gari mai kansa, da attajiransa irin su Malam Yaro. Manyan gidajen da baƙo zai gani a Zango da ribar wannan hanya aka gina su, kuma wani kaso na ribar daga gonakin Damargu ya fito. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ce ta karya fataucin, kaya suka koma bin teku.

Hanyar arewan ba ta daina ciyar da garin ba, kayan ne suka canza. Wanda ya gangaro ta titin Tanut ya wuce matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Ruwan famfo ma daga wajen gari ake janyo shi, saboda Damagaram a kan dutse take zaune, rijiya ba ta cika yin albarka ba. Abin da ya sa ke nan 'yan ga-ruwa suka cika titi da kura da jarkoki. Baƙon kirki ya lura da wannan: bokitin wankan da uwargida ta ajiye masa, wataƙila saye aka yi.

Lahadi kuwa a bar garin. Mirriya na gabas, kilomita 18 kacal, kuma ranar ce kasuwarta ke ci. Tsohuwar masarauta ce ta Sosebaki, mai lambuna da inuwar manyan itatuwa, abin da idon mutumin Damargu bai saba gani ba. Tukwane da tuluna da randunanta sun yi suna a duk yankin. Sai an ƙwanƙwasa tulu da yatsa an ji ya yi ƙara garau kafin a taya, don mai tsaga, muryarsa a dishe take.

A dawo kafin magariba. Mai zuwa Yamai yana da kimanin kilomita 900 a gabansa, manyan motocin kuma tun kafin asuba suke tashi, don haka a daren Lahadin ake yankan tikiti a auna kaya. Mai takarda shi ma ya kwanta da wuri, layin ofis na ranar Litinin ba ya jiran wanda ya tsaya karin kumallo.