Sankarar hanji: allurar da ke saitin ciwo, da yadda ciwon ke kuɓuce mata

A Damagaram, wanda ya ga jini a bayan gida, basir yake fara kira. Sai ya nufi kasuwar Dole wajen masu saiwa da sassaƙe, a ƙulla masa gari a leda. Sau da yawa basir ɗin ne. Wani lokaci kuwa sankarar babban hanji ce, kuma kafin a kai mutum babban asibitin Zinder ya rame, ciki ya toshe, ciwon ya riga ya haura hanta. A nan tiyata kaɗai ba ta isa.

Don irin wannan hali aka samar da magungunan da ke saitin ciwon kansa. A 2004 Amurka ta amince da cetuximab, allurar da ke toshe wani wuri a jikin ƙwayar ciwon, mai suna EGFR, inda take karɓar umarnin hayayyafa. Zuwa 2008 aka tabbatar da cewa ba kowa take wa aiki ba. Kusan 40 cikin 100 na masu wannan ciwo, ƙwayar gadon da ake kira KRAS ta sauya a cikin ƙarin nasu, ta koma tana ba da umarnin da kanta daga ciki. Toshe EGFR ba ya hana ta komai.

Wanda allurar ta karɓe shi ma, yawanci bayan wasu watanni ciwon kan dawo. A 2012 masu bincike a Italiya da Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka nuna dalili. Tun farko akwai tsirarun ƙwayoyi masu taurin kai ɓoye cikin ƙarin. Maganin ya kashe sauran, su kuma suka samu fili. Manomin hatsi ya san haka daga ƙuduji: an cire na sama, iri yana kwance a ƙasa. Abin da ya fi ba ni fata shi ne ana iya ganin alamarsu a jini watanni kafin hoto ya nuna, kuma idan aka dakatar da allurar sukan ragu, har a sake gwada ta.

Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa tana Yamai, kusan kilomita 900 daga Zinder, kuma sai a 2021 ta fara gashin ciwo da haske. Iyalin da suka yi wannan tafiya, har suka fara maganar sayar da gona ko bisashe don allura mai tsada, hakkinsu ne su tambayi likita: an gwada naman da aka yanko an duba KRAS? In ba a gwada ba, kuɗin na iya tafiya a banza.

Shi kuwa wanda jininsa ya ƙi tsayawa, ko bayan gidansa ya sauya makonni, ya bari likita ya duba dubura, in da hali a leƙa hanjin da na'ura. Ƙarin da bai fita daga hanji ba, sau da yawa tiyata ke raba mutum da shi.