Gyaran tsofaffin manyan motoci a Jigawa

Gyaran tsofaffin manyan motoci shi ne aikin tayar da motar ɗaukar kaya da ta tsufa ko ta daɗe a ajiye, a sake mata inji da bodi da fenti har ta koma kan hanya. A Turai da Amurka ana yin wannan aiki ne galibi don sha'awa, mutum ya sayi tsohuwar mota ya gyara ta, ya riƙa fita da ita wajen baje koli. A Jihar Jigawa da sauran arewacin Najeriya kuwa sana'a ce ta neman abinci. Motocin da a Ingila ko Jamus za a kira kayan tarihi, a Garki da Ringim da Gumel da Dutse su ne har yanzu ke kai gero da riɗi da dabbobi kasuwa.

Yadda ake yin sa a ƙasashen waje

Gottlieb Daimler ne ya ƙera babbar motar ɗaukar kaya ta farko mai inji a Jamus a shekarar 1896. Sha'awar adana irin waɗannan motoci ta kankama ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka ga tsofaffin suna ƙarewa a hannun masu sayen ƙarfe. A Ingila ƙungiyar Historic Commercial Vehicle Society takan shirya jerin gwanon tsofaffin motocin kaya daga Landan zuwa Brighton, kuma an fara shi tun 1962. A Amurka an kafa American Truck Historical Society a 1971. Akwai gidan tarihi na motocin kaya a garin Leyland na Ingila, da wani a Walcott ta jihar Iowa.

Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, wadda aka kafa a 1966, ta shimfiɗa sharuɗɗan da mota za ta cika kafin a ce ta tarihi ce. Sai ta kai shekara 30 aƙalla, sai an adana ta yadda aka ƙera ta tun asali, kuma kada ta zama abin hawa na yau da kullum. Jamus na ba irin wannan mota lamba ta musamman mai harafin H tun 1997. Motocin Jigawa da yawa sun cika sharaɗin farko, wasu ma sun wuce shi nesa ba kusa ba, amma ba su cika sauran biyun ba, domin kullum suna bakin aiki kuma an sauya musu kaya sau ba adadi.

Zuwan manyan motoci yankin

Cinikin gyaɗa ne ya buɗe wa manyan motoci hanya a ƙasar Kano, wadda yankin Jigawa na yau yake cikinta har zuwa 27 ga Agusta, 1991. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sannan reshen da ya bi ta Ringim da Malam Madori ya kai Nguru a 1930. Da farko jakuna da raƙuma ne ke kai buhunan gyaɗa tashoshin jirgi. Sannu a hankali motoci suka karɓi aikin, musamman daga shekarun 1950 da hanyoyi suka ƙaru. Garuruwan da layin dogo bai ratsa ba, kamar Garki da Babura a masarautar Ringim, sun fi dogara da mota wajen fitar da amfanin gona.

Motar da ta fara cika hanyoyi ita ce Bedford ta Ingila, ƙirar kamfanin Vauxhall. Samfurinta na TJ mai dogon hanci ya fito a 1958, kuma an riƙa harhaɗa shi a Apapa ta Legas ƙarƙashin wani reshe na kamfanin UAC. Ana sayar da motar ne da kai da shasi kawai, sai mai ita ya kai wa kafinta ya yi mata bodin katako. Daga nan aka sami sunan "mai bodin katako". Tsofaffin Bedford na wancan zamani sitiyarinsu a dama yake, domin Najeriya ba ta koma tuƙi a hannun dama na titi ba sai ranar 2 ga Afrilu, 1972.

Bayanta Marsandi ta mamaye harkar. Kamfanin Daimler-Benz ya fara ƙera motocinsa masu gajeren hanci mai zagaye a 1959, ya ci gaba da yin su har tsakiyar shekarun 1990 saboda kasuwannin Afirka da Gabas ta Tsakiya ba su daina nema ba. Wadda aka fi sani a Najeriya ita ce 911. Lambar tana da ma'ana: 9 na nufin nauyin tan tara, mota da kayanta, 11 kuma ƙarfin inji ne, doki 110. Haka 1113 take nufin tan 11 da doki 130. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita, Gwamnatin Tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin waje aka kafa masana'antun harhaɗa manyan motoci: ANAMMCO a Enugu don Marsandi, wadda ta fara aiki a 1980, da Steyr a Bauchi, da Leyland a Ibadan, da National Trucks Manufacturers a Kano don motocin Fiat.

A tasha ba a cika kiran motoci da sunayen kamfani ba. Akan ji gingimari, da roka, da daf, da kanta, da tifa, da tirela, sai ƙaramarsu a-kori-kura, wato Fijo 404 ko 504 mai buɗaɗɗen baya.

Dalilin daɗewarsu

Babban dalili shi ne kuɗi. Daga 1986, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP darajar naira ta faɗi, sabuwar babbar mota ta gagari ƙaramin ɗan kasuwa, masana'antun harhaɗawar ma suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Wanda yake da tsohuwa sai ya riƙe ta da kyau. Wanda ba shi da ita sai ya sayi wadda ta kwanta ya tayar.

Ƙirar motocin ma ta taimaka. Injin OM 352 da ke cikin yawancin Marsandi masu gajeren hanci yana da silinda shida a jere, girmansa lita 5.7, yana shan gas, kuma babu kwamfuta ko guda a jikinsa. Famfon da ke tura mai na ƙarfe ne zalla. Bakanike mai sifana da guduma da kunnen sauraro zai iya gane cutarsa a gindin bishiya, abin da ba ya yiwuwa da sababbin motoci sai an jona musu na'ura. Ga shi kuma an ƙera injin da yawan gaske, a Jamus da Brazil da wasu ƙasashe, don haka kayan gyaransa ba su yanke ba.

Akwai kuma yanayi. A Turai tsatsa ce ke kashe mota, saboda danshi da gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara. Jigawa busasshiyar ƙasa ce, damina gajera, shi ya sa shasi kan yi shekaru arba'in bai ruɓe ba. Abokan gabar mota a nan su ne ƙurar hunturu da ke cinye inji idan matatar iska ta lalace, da zafin bazara da kan haura digiri 40 ya tafasa lagireto, da lodin da ya wuce kima.

Yadda ake tayar da mota

Ba mutum ɗaya ke yin aikin ba. A gareji kowa da fanninsa: bakanike na inji, mai walda, mai gyaran bodi, mai wayarin, kafinta, mai fenti, mai faci. Abin da ake fara dubawa shi ne shasi, domin idan ya tsage ko ya karkace sosai, duk kuɗin da aka zuba a sama asara ne. Ƙaramar tsaga akan yi mata walda a ɗaure ta da wani ƙarfe.

Daga nan sai a sauke inji a warware shi. Akan sauya rin da fistin da metal, a kai kiranshaf wurin masu injin goga su daidaita shi, a kai famfon mai da nozul wurin masu saiti. Wannan saitin shi ne ke raba motar da ke jan kaya lafiya da wadda ke tafe tana turnuƙe hanya da baƙin hayaƙi. Idan injin ya wuce gyara sai a sayo na gwanjo, wanda ake kira ɗan Beljiyam, a ɗora. Masu motocin Jigawa kan nufi Kano don kayan gyara, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa, wasu kayan kuma daga Legas ko Nnewi suke fitowa. Abin da ba a samu ba sai a ƙera shi ko a ciro daga wata mota a yi masa dabara ya zauna.

A nan ne aikin ya bambanta da na masu sha'awa. Bature mai gyaran tsohuwar Bedford zai iya shafe shekara yana neman fitila irin ta asali. Mai mota a Gujungu ba ruwansa da asali, yana son fitilar da za ta haska. Ana ƙara ganyen sifirin don motar ta ɗauki fiye da abin da aka ƙera ta dominsa, ana ƙara tankin mai, ana tsawaita bodi, wani lokaci injin wani kamfani ne a cikin kan wani. Irin wannan sauyi ya shahara a Sudan, inda maƙera suka mayar da Bedford TJ wata mota daban da suke kira Sifinja, har aka yi fim a kanta a 2009. A Pakistan ma Bedford ɗin ce aka fi yi wa ado.

Bodin katako aikin kafinta ne, da katako mai ƙwari da ake kawowa daga kudu, ana ɗaure shi da ƙusoshi masu noti da ƙarafa a kusurwa. Yana da sauƙin gyara, allo ɗaya ya karye a cire shi kaɗai, kuma ba ya ɗaukar zafi kamar ƙarfe, abin da ke da amfani ga mai ɗaukar dabbobi. Duk da haka bodin ƙarfe ya fi yawa a yanzu saboda tsadar katako mai kyau. Fenti ne ƙarshe, kuma nan ne mai mota ke nuna kansa. Ana zana furanni, ko zaki, ko dawisu, ko masallaci, a rubuta addu'a ko karin magana a goshi da baya, irin su "Allah ya kiyaye" da "Haƙuri maganin zaman duniya", da boko ko da ajami. Ko da motar ta neman kuɗi ce, wannan ɓangaren sha'awa ce tsantsa, domin adon ba ya ƙara ko buhu ɗaya a lodi.

Tuƙi da aiki

Tuƙa irin wannan mota sai mai ƙarfi. Da yawa daga cikin tsofaffin sitiyarinsu ba shi da mai taimako, sai an sa ƙarfin damtse, giya kuma tana son a san lokacinta. Direba yakan fara ne daga karen mota, yana wanke ta, yana duba ruwa da baƙin mai, yana ɗaure tamfol, yana sa weji a bayan taya idan an tsaya, shekaru kafin maigidansa ya bar masa sitiyari. A hanyoyin ƙauye da ba kwalta, yashin jigayi, wanda jihar ta samo sunanta daga gare shi, yakan riƙe mota har sai an haƙa an shimfiɗa itace a ƙarƙashin taya.

Kasuwannin mako ne ke tsara aikinsu. Gujungu a ƙaramar hukumar Taura tana ci ranar Lahadi, Shuwarin kusa da Dutse ranar Litinin, Maigatari a kan iyakar Nijar, wadda ta shahara da dabbobi, ranar Alhamis. Tsofaffin motoci kan tattaro kaya daga ƙauyuka zuwa waɗannan kasuwanni, ko su kai riɗi da zoɓo da wake kasuwar Dawanau a Kano. Doguwar tafiya zuwa Legas ko Fatakwal yanzu ta koma hannun tireloli, ciki har da na China irin su Howo.

Matsalar tsaro a bayyane take. Birkin da aka ƙera don tan tara ba zai tsayar da ninkin wannan nauyi yadda ya kamata ba, kuma ƙarin sifirin yana ɓoye yawan lodi ne kawai, ba ya ƙara wa birki ƙarfi. Idan aka haɗa da tayoyin gwanjo, da rashin fitilar baya da dare, da mutane zaune a saman kaya, hatsari ɗaya kan ci rayuka da yawa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, da aka kafa a 1988, ta daɗe tana hana ɗaukar mutane a kan kaya, amma a ƙauyen da mota ɗaya ce ke zuwa ranar kasuwa, hanin yana da wuyar aiki.

Makomar motocin

Bedford ta riga ta yi ƙaranci a hanya. Kamfanin ya daina ƙera manyan motoci a Ingila a tsakiyar shekarun 1980, kayan gyaranta suka yi wuya, yawancin masu ita suka koma Marsandi. Marsandin ma tana fuskantar tsadar gas, da ƙarancin matasan da ke son koyon tsohon inji, da kuma farashin tsohon ƙarfe da ya tashi. Idan kuɗin gyara ya fi abin da motar za ta kawo, mai ita yakan ciri inji da giya da aksil ya sayar wa masu irinta, sauran gangar jikin kuma 'yan gwangwan su yanka ta da wuta su auna a sikeli.

Motocin da aka adana a gidajen tarihi na Najeriya an adana su ne saboda wani babban mutum ko wani yaƙi, kamar Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a ciki ranar 13 ga Fabrairu, 1976, wadda ke gidan tarihi na ƙasa a Legas, da motocin yaƙin basasa da ke Umuahia. Motar kaya mai bodin katako kuwa mai ita ne kaɗai ke riƙe da ita, shi ma muddin tana kawo kuɗi. Tarihin kowace ɗaya, wanda ya fara sayenta da hanyoyin da ta bi da injuna nawa ta ci, yana bakin tsofaffin direbobi da kanikawa ne a tashoshi irin na Ringim da Gumel da Haɗeja.