AMBALIYA DA FARI: ƘADDARA BA TA SAUKE WA BAWA ALHAKI

Godiya ta tabbata ga Allah Mai saukar da ruwa da gwargwado, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, a wannan mako za mu yi magana a kan wata kalma da ba ta rabuwa da bakinmu duk sa'ad da ruwa ya ci gari ko fari ya ƙone gona, watau "ikon Allah ne". Kalmar gaskiya ce, babu Musulmin da zai yi musunta. Abin da ya dame mu shi ne yadda muka mayar da ita murfin rufe magana, da zarar an faɗe ta sai kowa ya kama bakinsa, ba a ƙara tambayar wanda ya yi sakaci.

ABIN DA IDO YA GANI

Daminar 1994 ba ta da bambanci da ta sauran shekaru a wurin yawancinmu, amma mutanen Maiduguri ba su manta da wannan shekara ba, domin a cikinta ruwan madatsar Alau ya malale birnin. Bayan shekara 30, a ranar 10 ga Satumba 2024, madatsar ta ɓalle da dare. Ruwa ya shiga fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa, ya shiga Kasuwar Monday wadda ba ta gama farfaɗowa daga gobarar Fabrairun 2023 ba, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. A cikin watan nan ɗin ne ruwan sama ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda yake tsaye tun ƙarni na 19. Wata uku kafin haka kuwa, a lokacin aikin Hajji, zafi ya haura digiri 51 a Makka, alhazai fiye da 1,300 suka riga mu gidan gaskiya.

Waɗannan ba su ne na farko ba. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da muhallinsu. Ta 2022 ta kashe fiye da 600. A watan Mayun 2025 ruwa ya ci mutum fiye da 150 a Mokwa ta Jihar Neja cikin safiya guda. Dattawanmu kuma suna tuna farin 1973 da na 1984, sa'ad da dabbobi suka ƙare, Tafkin Chadi ya ja da baya ya bar kwale-kwale a kan yashi.

Masana sun bayyana dalili. Man fetur da kwal da iskar gas da duniya take ƙonawa suna fitar da hayaƙin da yake taruwa a sama, ya hana zafin ƙasa fita, kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. Zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 a kan yadda yake kafin zamanin masana'antu, shekarar 2024 kuma ta fi dukan shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara aunawa. Iska mai zafi ta fi ɗaukar danshi, kowane digiri guda yana ƙara mata wajen kashi 7 cikin 100. Saboda haka ruwan da a da yakan sauko a hankali cikin mako, yanzu yana iya zubowa cikin dare ɗaya, sa'an nan ya ɗauke ƙafa shuka tana ƙishi.

YADDA MUKE KARƁAR MAGANAR

Idan aka ta da zancen sauyin yanayi a majalisa ko a bakin kasuwa, mutane sukan kasu uku. Akwai masu ganin cewa yin maganar ma shisshigi ne ga ikon Ubangiji. Akwai masu cewa dabara ce ta Turawa don su hana mu cin moriyar man da Allah Ya ba mu. Na uku, su ne mafi yawa, sun yarda a ranar da ruwa yake cikin ɗaki, suna kiran gwamnati ta yi wani abu, amma da kaka ta yi sai zancen ya bi ruwa. In hukuma ta zo rushe shagon da ya toshe magudana, ko ta hana sare itace a gandun daji, su ne kan gaba wajen cewa an yi zalunci.

Ga kashi na farko muna tunatar da abin da Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya yi a shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ake kira Shekarar Toka saboda tsananin fari. Ya fita da jama'a roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas baffan Annabi ya yi addu'a. Sa'an nan ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, ya sa aka ƙidaya mabukata ana ciyar da su, ya jinkirta karɓar zakkar shekarar, shi da kansa ya daina cin nama da man shanu. Shi ne kuma ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, da aka ce yana gudun ƙaddara ya nuna cewa gudun ma yana cikin ƙaddarar. Suratu Yusuf ta ba mu labarin Annabin da aka sanar da shi fari tun shekara bakwai kafin zuwansa, ya yi tanadin hatsi, ya ceci al'umma. Aya ta 41 ta Suratur Rum kuwa ta danganta ɓarnar tudu da teku ga abin da hannun mutane ya aikata. Wanda ya ce hayaƙin da ɗan Adam yake fitarwa yana ɓata yanayi, bai faɗi abin da ya saɓa wa aƙida ba. A kan haka ne malamai da masana Musulmi suka taru a Istanbul cikin Agustan 2015 suka fitar da sanarwar Musulunci game da sauyin yanayi.

Kashi na biyu suna da hujjar da bai kamata a raina ba. Afirka duka ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin nan ba, manyan ƙasashe ne suka tara shi, mu kuwa muna kwasar dukansa. Neman su biya haƙƙi ne. Sai dai ruwan da ya taso wa Kano ko Yola ba zai tsaya jiran Amurka da Sin su tuba ba. Haka nan talaka yana da gaskiya idan ya ce an hana shi itace ba a ba shi madadinsa ba, domin tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, gidaje da yawa suka ajiye tukunyar gas suka koma gawayi. Nijeriya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021, ta kafa hukumar Ganuwar Itatuwa a 2015 don jihohi 11 na bakin hamada. Doka a takarda ba ta tsare yashi, sai an yi ta da jama'a, sun ga amfaninta.

Maƙwabtanmu sun nuna hanya. A ƙasar Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu sassabe mai kyau, musamman da suka tabbata itacen da suka rena nasu ne. An ƙiyasta fili wajen hekta miliyan 5 ya farfaɗo ta wannan hanya. Keɓe fili don amfanin jama'a ma sunna ce, Manzon Allah ya keɓe Naƙi'u, Umar ya keɓe Rabaza.

NAMU KASON

To, ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati, ga inda zancen ya zo kanmu. Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma tana jera ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Ma'aikacin da takardar ta zo teburinsa ya jefa ta a durowa, da wanda ya yanka wa mutane fuloti a kan hanyar ruwa, da wanda ya sa hannu cewa an gyara madatsa alhali kuɗin sun bi wata hanya, su sani amana ce za a tambaye su. Wanda ya karkatar da buhun shinkafar agaji ya ci haƙƙin wanda ruwa ya bari da rigar jikinsa.

Ɗan kasuwa kuma ya duba inda ya kafa rumfarsa da inda yaransa suke zuba shara da leda. Mai lodin gawayi ya tambayi kansa itace nawa ya faɗi kafin motarsa ta cika, nawa kuma ya dasa. Mai ɓoye hatsi yana jiran ambaliya ta ta da farashi ya san hukuncin da shari'a ta yi wa ɓoyon abinci. Mai hali da yake neman sadaka mai gudana, kwalbatin unguwa da itacen inuwa suna cikinta, kamar rijiya da masallaci.

Muna roƙon limamanmu su sa wannan magana cikin huɗuba tun bazara, kafin hadari ya haɗu. Mu fita sallar roƙon ruwa idan an yi fari, mu kuma fita da shebur mu yashe magudana kafin ruwan ya zo, domin wanda ya ɗaure raƙuminsa shi ne ya cika sharaɗin tawakkali. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafi alheri, Ya ba mu damina mai albarka, amin.